Baba ya ce budurwa ba ta aikin daya, wato ungozoma

Inna, assalamu alaikum. Ni budurwa ce, shekaruna 22. 'Yan Madani ne mu, a nan Sudan, amma tun Disamban 2023 da gari ya faɗi muke zaune a Gadarif. Ina shekara ta biyu a karatun jinya yaƙi ya watsa mu. Watanninmu na farko a ajin wata makarantar firamare muka yi su, gida huɗu a aji ɗaya, zannuwa ne katangarmu. A nan naƙuda ta kama matar yayana cikin dare. Wata daya, wato ungozoma da Larabcin Sudan, da ita ma gudun hijira ya kawo, ita ta karɓi haihuwar, ni kuwa ina riƙe da fitilar waya. Yarinya ta faɗo lafiya, mabiyiya ta biyo, sai jini ya ɓalle. Matar nan ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ɗora hannu a kan marar tana murzawa, ta yi allura, ta ce a nemo raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, yanzu-yanzu, kuma ba ta ɗauke hannun nan ba har muka isa asibiti. An ƙara wa matar yayana jini leda biyu, ta rayu. Tun daga daren nan ba abin da nake so in zama sai ungozoma.

Baba ya ce sam. Ya ce budurwa ba ta aikin daya, aikin tsofaffi ne, kuma ba mai auren macen da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare. Yayana ya ce in ƙarasa jinya in nemi Saudiyya in taimaki gida. Na ji ana ɗaukar mata horon dayar ƙauye mai gajeren zango, raina ya biya, don na gaji da zaman jira. Akwai kuma wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ungozomar gargajiya, da ta ce in riƙa bin ta tunda na iya allura, ita za ta sayo allurar naƙuda a shagon magani, mu raba abin da aka samu. Inna, wace hanya zan bi, kuma yaya zan yi da Baba?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya yarinyar nan, ya ƙara wa uwarta lafiya, ya saka wa dayar da alheri duk inda take yanzu. Na karanta wasiƙarki sau uku. Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshe, domin shi ne ya hana ni barci.

Kada ki bi tsohuwar nan da allura. Ko sau ɗaya, ko don gwaji, ko don kunyar idonta. Ki gaishe ta, ki ɗebo mata ruwa, ki girmama furfurarta, amma wannan ciniki ki ce mata Inna ta hana. Allurar da take nufi ita ce oksitosin, kuma ita ce dai wadda kika ga daya ta yi wa matar yayanki. Kwalba ɗaya, ruwa ɗaya. Bambancin kawai lokaci ne. Idan jariri ya fito aka yi ta, mahaifa na tsukewa, jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe su rufe, jini ya tsaya. Idan kuwa jariri na ciki aka ɗirka wa mace ita a cinya don a gaggauta naƙuda, mahaifar za ta yi ta matsawa ba hutu, numfashin yaro ya ƙare a ciki, in kuma hanya ba ta isa kansa ya wuce ba, mahaifar ta yage. Ko a asibiti in za a sa ruwan naƙuda, cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba shi, ana ƙirga ɗigo, ana sauraron zuciyar jariri a kai a kai, ga ɗakin tiyata a maƙwabta. Ban da haka ma, maganin nan sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya kwana ya wuni a kantar shago cikin zafin Gadarif, ba wanda zai iya faɗa miki ko da sauran ƙarfi a cikinsa.

Ina faɗin haka ne da hoton wata yarinya a idona. Da damina aka kawo mana ita, lokacin da baƙar lakar ƙasar nan ke riƙe mota kamar danƙo, a bayan tarakta aka shimfiɗe ta a kan angarib, wato gadon igiya. Shekararta 19, cikin fari. Kwana biyu tana naƙuda, an yi mata allura uku a gida. Uwarta tana ta godiya ga Allah wai ciwon ya lafa tun asuba. Da na ɗora hannu a cikin, sai na ji gwiwar yaro da ƙafarsa a ƙarƙashin fata kamar zane ɗaya ne tsakaninmu. Lafawar nan yagewar mahaifa ce. Likita ya ceto ranta, amma yaro ya tafi, mahaifa ma sai cire ta aka yi. Wadda ta yi allurar ba muguwa ba ce, ta biyo su har asibiti tana kuka. Taimako ta yi niyya. Ba na so wata rana ki zama ke ce ke tsaye a bakin wannan ƙofa.

Yanzu mu koma daren ajin makaranta, domin abin da kika gani ya fi abin da kika zata. Kin ga hannu a kan mara. Hannun nan tambaya yake yi. Bayan haihuwa mahaifa lafiyayya tauri take yi, ki ji ta daidai cibiya kamar ƙwallon goruba. In ta saki jiki sai ki ji ta lagwaf kamar ƙullin da bai sha gari ba, kuma jini na zuba ko yana taruwa a ciki ba a gani. Da zarar jinin ya kai rabin lita, wato mililita 500, an shiga haɗari, mace mai ƙarancin jini kuwa ko wannan ba ta iya ɗauka, ga shi zazzaɓin sauro da rashin cima sun riga sun tsotse matanmu. Dayar nan ta gane da wuri, ta yi abin da ke hannunta, sannan ta yi abu na uku wanda a wurina shi ne babba, ta ce a nemo raksha. Ba ta tsaya kare sunanta ba, ba ta ce bari a ƙara jira a gani ba. Ta san inda iyakarta ta tsaya. A shekarun da na yi a ɗakin haihuwa, da wannan nake auna ungozoma. Yawancin haihuwa Allah ne ke sauke mace, aikinmu haƙuri da lura da tsafta. Karatun shekaru ukun nan ko huɗu, don 'yan kaɗan ɗin da ke juyewa ake yin sa, don ki hango su tun suna nesa: awon jini da ya kai 140 bisa 90 tare da ciwon kai da dishi-dishin ido, wanda ke share fagen jijjiga, bugun zuciyar jariri da ya fita daga tsakanin 110 da 160, naƙudar da rana ta fito ta faɗi kai bai sauko ba, jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, wanda minti ɗaya kike da shi ki goge shi, ki shafa bayansa, ki fara hura masa iska da 'yar jakar numfashi.

To wannan shi ne abin da ake nufi in an ce kulawar da ungozoma ke jagoranta. Mace mai lafiyayyen ciki ta zama tana da ungozoma ɗaya, ko 'yan kaɗan da ta sani, tun daga awon farko har naƙuda har ta yi arba'in, likita kuma na nan a shirye in abu ya karkace. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikaciyar lafiya aƙalla sau 8 kafin ta sauka. Ki duba bambancin mace da ta ga fuska ɗaya sau 8 da wadda ta ga fuskoki 8. Ta farkon ce za ta faɗa miki cewa jiya ta ga ɗigon jini, ko mijinta ya hana ta kuɗin magani, ko wancan cikin ma a wata na bakwai ya zube. Matanmu da kunya, ba sa buɗe ciki ga baƙuwa. An gwada wannan tsari a Ingila da Ostireliya da Kanada, aka ga matan sun fi haihuwa da kansu, an rage yi musu ƙari da jawo yaro da ƙarfe, kuma sun fi gamsuwa da yadda aka riƙe su. Amma ki riƙe wani abu da masu yabon tsarin kan manta. A waɗancan ƙasashe motar asibiti na zuwa in an kira, ga jini a ajiye, ga likitan tiyata. Ungozoma ba ta maye gurbin asibiti. Ita ce igiyar da ke ɗaure gida da asibiti, in ɗaya bakin igiyar bai ɗauru da komai ba, aikinta rabi ne.

Buƙata kuwa ba sai na faɗa miki ba, ke da kika kwana a aji. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2014 ya nuna kusan mata 7 cikin 10 a gida suke haihuwa. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce mata 270 ke rasuwa a Sudan cikin kowace haihuwa 100,000, kuma wannan kafin 15 ga Afrilun 2023 ne, kafin asibitocin Khartum su rufe, likitoci su watse, garuruwa irin Gadarif da Kasala su cika da baƙi. Rahoton duniya na 2021 kan aikin ungozoma ya ce ana da giɓin ungozomomi 900,000, ya kuma ce wadda ta samu cikakken horo za ta iya ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na muhimmiyar kulawar da uwa da jariri ke buƙata. Ki lura da kalmar cikakken horo, domin a kanta shawarata ta ginu.

Shawarata ita ce ki koma ki ƙarasa jinya, sannan ki ɗora karatun ungozoma a kai. Na san zaman jira ya ishe ki, na san gajeren horon nan na kiran ki kamar ruwan sanyi da azahar. Kuma kada ki ji kamar raina dayar ƙauye nake yi. Allah ya kiyaye. Mata masu farin tob, lulluɓin matan Sudan, da akwatin ƙarfe su suka riƙe ƙasar nan shekara ɗari, wataƙila ma wadda ta ceci matar yayanki cikinsu take. Da a ce mace ce ta rubuto min daga wani ƙauye a bakin kogin Rahad, mai 'ya'ya huɗu, wadda ba ta da shahadar sakandare, wato takardar kammalawa, ƙauyensu ba daya ko ɗaya, da gudu zan ce ta je. Ke kuwa kin riga kin shiga shekara ta biyu a hanyar da ta fi tsawo. Wanda ya kai tsakiyar kogi ba ya komawa baya don ya ga kwalekwale ƙarami a gaɓa. Ƙungiyar ungozomomi ta duniya ta sa ma'auni: wadda ta shiga kai tsaye ta yi aƙalla shekara 3, wadda ta riga ta zama nas ta ƙara aƙalla wata 18. Jinya za ta ba ki abin da mai ciki ke zuwa da shi ban da cikin. A jihar nan mai ciki na zuwa da zazzaɓin sauro, da kala'azar, wato zazzaɓin nan mai kumbura saifa, da shawara, da ciwon suga, a 2024 kuma mun ga kwalara. Nas ta san sa ƙarin ruwa a jijiyar da ta ɓuya, ta san lura da wadda ake ƙara wa jini, ta san auna maganin jijjiga, magnesiyam salfet, da alamun da ke nuna ya yi yawa. Sannan mai babbar takarda ita ke zama sista, ita ke koyar da dayoyin ƙauye, ita ke zagayawa ta duba akwatinsu. Da hannunki biyu za ki karɓi haihuwa ɗaya a lokaci guda, amma in kin horar da mata ashirin, kina ƙauye ashirin a dare ɗaya.

Ga abin da za ki fara yi tun makon nan. Ki tattara duk takardar da ta tsira tare da ke, shahadar sakandare, katin ɗaliba, sakamakon shekarar farko, ko hotonsu ne a waya. Ki nemi makarantarku ki ji inda ta tsaya, domin tun Janairun 2025 da soja suka karɓe Madani al'amura sun fara motsi, kuma makarantu da dama sun ci gaba da karatu ta intanet ko ta cibiyoyi a jihohin da ke da kwanciyar hankali. Ki je Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ƙafarki, ki tambayi sashen lafiyar uwa da yaro, ki tambayi Akadamiyar Kimiyyar Lafiya, wadda aka kafa a 2005 don horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi, tana kuma da rassa a jihohi. Kuma duk kwas ɗin da aka tallata miki, na gwamnati ko na ƙungiyar agaji ko na kuɗi, tambaya ɗaya ki fara yi: in na gama, Majalisar Ƙasa ta Sana'o'in Likitanci da Lafiya za ta yi min rajista da wannan takarda? In an fara kame-kame, ki ɗauki jakarki. Lokacin yaƙi lokaci ne na takardun da ba sa kai mutum ko'ina.

Maganar yayanki ba ta ci karo da wannan ba. Saudiyya ba ta ɗaukar ma'aikaciyar lafiya sai hukumarsu ta tantance takardunta ta yi mata rajista, kuma cikakkiyar shahada suke dubawa da shekarun aiki. Takardar dayar ƙauye ba ta tsallaka Bahar Maliya. Ke nan hanyar da na nuna miki ita ce kuma hanyar da yake so, har zuwa mararraba. Ki ce masa ya taimaka miki ki kai can tukuna. Ni dai in za a bi son raina, ki zauna, matanmu na Gadarif da Maiwurno da Damazin suna buƙatar wadda za su ce wa "marata ke ciwo" da Hausa ta gane ba tafinta. Na sha ganin tsohuwa ta kawo 'yarta, Larabcinta na kasuwa ne, ana tambayar ta yaushe faya ta fashe tana amsa wani abu dabam. Amma ba zan ɗora wa wadda gidansu ya ƙone laifi ba in ta je neman abin da za ta rufa wa iyayenta asiri.

Saura Baba. 'Yata, kada ki ɗauke shi abokin gaba. Abin da ya sani yake faɗa, kuma abin da ya sani gaskiya ne a zamaninsa. A gidajenmu na Hausa mace kan durƙusa ita kaɗai a ɗaki, ta cije don kunya, sai yaro ya faɗo a kira ungozoma, tsohuwar da ta daina haihuwa, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta dafa ruwan wanka. Budurwa ko ƙofar ɗakin ba ta zuwa. A wajen maƙwabtanmu Larabawa ma dayar igiya, wato ungozomarsu ta gargajiya, tsohuwa ce. Ko makarantar ungozoma ta farko da aka buɗe a Omdurman a 1921, ƙarƙashin wata Baturiya Mabel Wolff, da irin waɗannan mata ta fara, waɗanda ba su iya karatu ba, ana koya musu gane magani da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa. Daga cikin ɗaliban makarantar aka samu irin su Sit Batul Muhammad Isa, wadda ta zama malama ta horar da wasu. Asibitin haihuwa na Omdurman da aka buɗe a 1957, har yau Dayat mutane ke ce masa. To in Baba ya ji kalmar daya, tsohuwa yake gani da fitila tana bin lungu. Ke kuma sista kike gani a ɗakin haihuwa. Ba abu ɗaya kuke musu a kai ba, shi ya sa ba ku jin juna.

Kada ki tare shi ke kaɗai, kuma kada ki tare shi da hujja kamar kuna gaban alƙali. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle uba. Wanda ya fi kowa cancantar buɗe maganar nan yayanki ne, domin matarsa ce ke numfashi yau saboda wata mace ta yi wannan karatu. Ki fara shawo kansa shi. Sannan ki nemi gwaggonki, wadda Baba ke jin nauyinta, ku same shi bayan la'asar an ɗora jabana, wato gahawa, da jikar nan a cinyarsa. In akwai malamin da yake girmamawa, a sanar da shi tun kafin ranar. Malamai sun san cewa mace ta duba mace shi ne abin da shari'a ta fi so, kuma in al'umma ta rasa masu wannan ilimi gaba ɗaya, nauyin na kan kowa. Sun san Rufaida da tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, sun san Salma, hadimar gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ta karɓi haihuwar ɗansa Ibrahim. Kuma a tuna wa Baba a hankali cewa mazan da ke ƙin kai matansu asibiti don kada namiji ya gan su, su ne dai ke hana 'ya'yansu mata wannan karatu. In kowa ya riƙe tasa 'yar, wa zai duba surukarsa?

Tsoronsa na dare kuwa ki amsa shi da abin da zai iya gani. Ki faɗa masa aikin asibiti juyi-juyi ake yi, an san ranar da za ki kwana, an san wanda zai kai ki ya ɗauko ki, ba bin lungu ba ne da baƙon namiji. Abin da kike roƙo yanzu ma bai wuce abin da ya riga ya yarda da shi a Madani ba, wato ki ƙarasa jinya. Ki tsaya a nan tukuna. Amma kada ki ɓoye masa inda kika dosa, ki ce Baba burina ke nan, in lokaci ya yi zan sake neman izininka. Uba na iya sauya ra'ayi cikin shekara biyu, musamman in ya ga maƙwabta na sallama a ƙofarsa suna neman 'yarsa ta auna musu jini. Abin da ba ya mantawa shi ne a yaudare shi. Batun aure kuma, abokan aikina kusan duk da mazajensu da jikokinsu. Sai dai duk wanda ya zo neman ki, a faɗa masa tun ranar gaisuwa cewa ga aikinki, ga kwanan asibiti, a sa shi cikin sharaɗi a gaban waliyyai. Na ga ƙwararrun yara da aka zaunar a gida wata uku bayan biki saboda an bar maganar a kan "za mu gani".

Ba zan sallame ki ba sai na faɗa miki ɗacin aikin, don kada ki ce Inna ta ɓoye. Albashi kaɗan ne, wani lokaci ya yi watanni bai zo ba. Za ki tsaya da ƙafa tun magariba har hantsi. Wata rana za ki yi duk abin da aka koya miki daidai, mace ta tafi a hannunki, ki fito ki sami mijinta a tsaye da ledar kayan jariri. Wannan ba a saba masa, ana dai koyon ɗaukarsa, kuma ki nemi babbar sista da za ki riƙa zama da ita bayan irin wannan dare, kada ki haɗiye ke kaɗai.

Akwai kuma jarrabawar da ta fi ta makaranta. Wata rana uwar miji za ta ja ki gefe bayan haihuwa, ta cusa miki kuɗi a hannu, ta ce ki mayar da yarinyar yadda take, abin da ake kira adal, wato a sake ɗinke macen da aka yi wa kaciya. Wata za ta kawo miki 'yar shekara shida. Shekaru da yawa da wannan wasu dayoyi suka ci abinci, saboda ba su da albashi, kuma shi ya ɓata sunan sana'ar. Tun Yulin 2020 dokar ƙasar nan ta haramta kaciyar mata, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 3. Amma ba don tsoron kurkuku nake so ki ƙi ba. Ranar da kika ga yadda tabon nan ke tsare kan yaro, da yadda mace ke yagewa, ba za ki ƙara buƙatar doka ba. Mu ma Hausawa muna da namu. Yankan gishiri da ake yi wa mai doguwar naƙuda da aska ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Kunun kanwa da aka cika wa kanwa, da ruwan wankan jego mai ƙuna da kwanciya kan gadon wuta, suna wahalar da zuciyar mai jego har ta kumbura. A nan za ki koyi zaɓar inda za ki ja daga. Rubutun sha da addu'a da tofi, ki bar wa kaka abinta, ki ma ce amin. Kunun hulba ki ce a ƙara. Ruwan wanka ki sa gwiwar hannunki ki ce a sirka. Aska kuwa, da allurar gaggawa, da toka ko kashin dabba a kan cibi, nan ba sassauci. In kin girmama tsofaffi a kan abu tara, za su saurare ki a kan na goma.

Wannan ya dawo da mu kan maƙwabciyarki. Na ce kada ki bi ta da allura, ban ce ki yanke ta ba. Matan unguwa sun yarda da ita, ita ake fara kira, kuma za a ci gaba da kiran ta ko mun so ko mun ƙi. Ki zauna da ita ki ba ta labarin yarinyar tarakta. Ki roƙe ta abu kaɗan: ta wanke hannu da sabulu, ta yanke cibi da sabuwar reza, in ta ga jini ya jiƙe zane biyu, ko mace na ciwon kai da kumburin fuska, ko naƙuda ta wuce yini, ko hannu ko cibiya ya riga fitowa, ta sa a tafi asibiti, ta raka su da kanta. Ki samo mata lambar mai raksha biyu da ke amsa waya da dare.

Kafin makaranta ta buɗe kuma, ki nemi izinin Baba ki riƙa zuwa cibiyar lafiya mafi kusa da ku ranar awo, da rana tsaka, ki yi aikin sa kai a ƙarƙashin sistar wurin. Ki auna jini, ki auna nauyi, ki cika kati, ki yi wa matanmu tafinta. Ki roƙe ta ta ɗora miki ƙahon sauraro a kan ciki har kunnenki ya iya raba bugun zuciyar yaro da na uwa. Matar yayanki kuma ki faɗa mata daga bakina, wadda ta taɓa zubar da jini tana iya sakewa, saboda haka ta huta sosai kafin wani cikin, ta sha maganin ƙarin jini, in Allah ya kawo rabo kuma a asibiti za ta sauka, a tanadi mai ba ta jini tun wata na takwas. Ki rubuto min abin da aka ce miki a ma'aikatar, ki kuma gaishe min da Baba da kyau.